Shekarun da Laraba Ta Zauna Gidanmu

Kwanan baya na tafi barkar haihuwa can wajen babbar makaranta, sai ga ni na ɓace a garin da aka yanke mini cibiya. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni ya tsaya bakin wani layi yana tambayata dama ko hagu, ni kuwa ina ta raba ido ina neman tsamiyar da muke kwatance da ita, babu ita babu dalilinta. Shaguna ne jere reras: mai cajin waya, mai buga takardu, mai soya taliya da ƙwai, sai gidajen haya masu ƙofar ƙarfe, kowanne da injin wuta yana ta ruri a bakinsa. Nan kuwa gonar geron Babanmu take a da. Nan nake kai wa masu aikin gona fura da hantsi, in zauna gindin tsamiyar in jira ƙwarya. Daga ƙarshe wata yarinya mai rungume da littattafai ce ta nuna mana hanya, kuma daga jin Hausarta na san ba 'yar Kaura ba ce. Tun ran nan zuciyata ke komawa baya.

Kaurar da na buɗe ido na gani, jirgin ƙasa ne agogonta. A nan dogo ya ƙare, jirgi ba ya wuce mu, sai dai ya huta ya juya. In ya yi kuka daga nesa, Inna kan ce, "Ke, baƙon gari ya iso ba ki gama surfe ba?" Da asuba ba ka jin komai sai kiran sallar Malam Ladan, maƙwabcinmu, da muryarsa kawai ba lasifika, sannan luguden daka ya tashi gida-gida, har muna gane taɓaryar kowace mata da amonta. Aikina shi ne ɗiban ruwa, da shara, da tsinkar rama a bayan gida, da kai awaki bakin gulbin Gagare in rani ya yi. Babanmu dillalin hatsi ne a tashar jirgi. Ya ce a ƙuruciyarsa gyaɗa ce sarauniya, buhuna kamar duwatsu. A tawa ƙuruciyar kuwa gyaɗar ta ja baya, sai gero da dawa da auduga. Duk Alhamis yakan hau mota ya tafi kasuwar Shinkafi, ya dawo mana da ƙuli-ƙuli da labarin mutanen Nijar masu raƙuma. Garin ƙarami ne. In yaro ya yi rashin kunya a wata unguwa, kafin ya iso gida labari ya riga shi, bulala na jiransa.

Ina 'yan mata aka buɗe babbar makarantar. Ba mu san abin da ake karantawa a ciki ba. Mun dai ji cewa wanda ya gama sakandare ne ke shiga, kuma har mata. Ni na tsaya a firamare, don a lokacin nan ne iyakar ɗiya mace a unguwarmu, ban ma taɓa tunanin akwai gaba ba. Sai muka fara ganin baƙin fuskoki suna sauka daga jirgi da akwatunan ƙarfe, samari da 'yan mata, wasu ba sa jin ko "zo in kashe ka" da Hausa. Suna bin gida-gida suna neman ɗaki. Tsofaffi na kallon su kamar yadda ake kallon hadari a lokacin girbi, ba a san ko alheri ya ɗauko ko ɓarna ba.

Wata ranar jirgi Baba ya shigo gida da wani mutum da ɗiyarsa. Mutumin ma'aikacin jirgi ne, shi ke ɗaga tuta, Kirista ne daga can kudancin Kaduna. Sun daɗe da sanin juna a tasha. In jirgi ya kwana Kaura, a zaurenmu yake cin tuwo. Yarinyar sunanta Laraba, doguwa, baƙa, ta girme ni kaɗan, Hausarta tsaf sai dai da wani lanƙwasa. Ta sami shiga makarantar, za ta koyi aikin ofis da buga keken rubutu. Ubanta ya kama hannunta ya sa cikin na Baba, ya ce, "Alhaji, ba ni da kowa a garin nan sai kai. Ga amana." Baba ya ce, "Na karɓa." Iyakar maganar ke nan. Aka share ɗakin Kaka, wadda ba ta daɗe da rasuwa ba, aka ce ni in riƙa kwana tare da ita.

Ban taɓa ganin mace mai zama ta yi karatu don kanta ba sai Laraba. Da safe takan ɗaura ɗankwali, ta sa siket har ƙasa, ta ɗauki takalmanta a hannu in damina ce, ta bi ta cikin gonaki zuwa makaranta. Da la'asar ta dawo, ta taya Inna tankaɗe, sannan ta baje littattafai a kan tabarma. Ba ta iya daka ba, taɓarya na kuɓuce mata, mu yi ta dariya, ita ma tana yi. Ranar Lahadi takan tafi cocinsu da ke unguwar ma'aikatan jirgi. Da azumi kuwa ba ta cin komai a gabanmu, ita ke dama kunun buɗa-baki ma. Ita ta sa na daina karatu ina bin harafi da yatsa. Takan ba ni littafin Hausa ta ce, "Ƙanwata, karanta mini, idona ya gaji." Sai da na girma na gane idonta lafiya lau yake.

Amma unguwa ba ta yi shiru ba. Mata a rijiya suna cewa ɗiyar da ke zama aji ɗaya da maza, me za ta koya wa 'yan gida? Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, dattawa suka zo zaurenmu, Malam Ladan ne a gaba. Ina bayan ƙofa da butar ruwa, na ji komai. Malam Ladan ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, ba mu zo da faɗa ba. Amma ka san zama da maɗaukin kanwa shi ka kawo farin kai. Kana da ɗiya budurwa, mu ma muna da su. Wagga baƙuwa ba addininmu ɗaya ba, ba tarbiyyarmu ɗaya ba. A nema mata wuri can cikin 'yan'uwanta." Baba ya gyara zama. Sannan ya ce, "Malam, na ji, kuma na gode. Amma ubanta bai ba unguwa ita ba, ni ya ba. In kun ga ta yi abin assha, ku hwaɗa mini, ni da kaina zan mai da ita jirgi. In ko ba ku gani ba, ku bar mini baƙuwata." Suka tashi ba wanda ya sha ruwan da na kawo. Daga ran nan Malam Ladan ya daina tsayawa hira a ƙofarmu. Zai yi sallama ya wuce, shi ke nan. Abin ya dami Baba ƙwarai, don tun suna yara suke tare, amma bai taɓa bari Laraba ta gani a fuskarsa ba.

A shekararta ta ƙarshe ne abin ya faru. Labari ya iso ta rediyo da bakin direbobi cewa an yi fitina can wajen garinsu, an ƙone masallatai da coci-coci, an rasa rayuka. Kowa da irin yadda yake ba da labarin, kuma duk bakin da ya bi ta ciki sai ya ƙara masa gishiri. Ranar Alhamis ce. Baba ya riga ya sa hula zai tafi Shinkafi, sai wani ɗan dako ya zo daga tasha ya raɗa masa magana. Ya cire hular ya rataye. Kafin hantsi ya yi zafi baƙi sun rufe shagunansu, ɗalibai na ta gudu zuwa tasha alhali ba ranar jirgi ba ce. Sai ga Laraba ta shigo tana haki, ƙafarta duk ƙaya, don ta cikin gonaki ta yanko. Ta durƙusa gaban Baba ta ce, "Baba, bari in tafi wurin 'yan sanda. Kada in jawo muku." Ya ce, "Ba inda za ki. Shiga wurin uwarki." Inna ta ciro zanena da mayafina ta ɗaura mata, ta zuba gero a turmi ta miƙa mata taɓarya, ta ce, "Riƙe. Hannu in yana aiki zuciya ba ta yawo." Laraba na daka tana hawaye, don ba kanta kaɗai take ji ba, ba ta san halin da iyayenta ke ciki ba.

Baba ya ɗauki tabarma ya shimfiɗa a bakin zaure, daidai ƙofa, ya zauna da carbinsa. Ba sanda ba wuƙa. Ni na laɓe inda na saba, ina leƙe ta tsagar ƙyaure. Titi ya yi tsit, ko akuya babu. Can sai na ga Malam Ladan ya fito daga gidansa da buzunsa a hammata. Na ce a raina ya zo ne ya ce dama ya faɗa. Ya tsallako, ya yi sallama, ya shimfiɗa buzun kusa da Baba, ya zauna. Da sauran dattawan suka hango su, sai ga wannan da kujerarsa, ga wancan da tabarmarsa, har ƙofar gidan ta cika da furfura.

Rana ta kusa tsakiya muka ji hayaniya tana matsowa. Samari ne, ba su da yawa sosai, wasu da sanduna, kuma mafi yawansu na san su. Akwai wanda muka yi makarantar allo tare. Da suka ga dattawa sai tafiyarsu ta yi sanyi. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce an ce akwai baƙuwa cikin wannan gida. Malam Ladan ne ya amsa, ko tashi bai yi ba. Ya ce, "Akwai ta. Ni nan na taɓa cewa a kore ta, mai gida ya ƙiya, kuma shi ke da gaskiya. Shekarunta nawa tana bi ta ƙohwata, ban ga ranar da ta wuce ba ta gaishe ni ba. Mi ta yi muku?" Ya nuna na gabansu da carbi ya ce, "Kai, ba kai ne ɗan Mai Kanwa ba? Ni na yi maka huɗuba. Kai kuma na bayansa, uwarka ta san kana nan? To, wanda ka son shiga, shi taka ni shi wuce." Suka tsaya cirko-cirko, sanduna suka fara komawa bayan riguna. Sai Malam Ladan ya ɗaga kai ya dubi rana, ya miƙe a nan inda yake, ya sa yatsu a kunne ya kira sallar azahar. Da ya gama ya ce mini, don ashe ya san ina bayan ƙofar, "Ke, kawo butoci." Na yi ta jido ruwa. Wasu samarin suka sulale, wasu suka jingine sanduna jikin katanga suka yi alwala, aka yi sahu a ƙofar gidanmu. A ciki kuwa taɓaryar Laraba ba ta tsaya ba, har tafin hannunta ya yi ƙurji.

Ba a taɓa ko mutum ɗaya a unguwarmu ba ran nan. Da jirgi ya zo, wani abokin aikin ubanta ya kawo saƙo cewa iyayenta suna lafiya, sun fake gidan wani maƙwabcinsu Musulmi. Laraba ta zauna ƙasa ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa, Inna na shafa mata baya. Aka sake buɗe makaranta, ta rubuta jarrabawarta, ta ci. Ranar da za ta tafi ta shiga har gidan Malam Ladan ta yi sallama. Ya ba ta goro da turare, ya ce, "Ki gai da ubanki. Ki ce masa ya iya tarbiyya." Muka raka ta tasha, ni da Baba. Mun yi 'yan shekaru muna samun gaisuwarta ta hannun ma'aikatan jirgi. Mun ji ta sami aiki, mun ji ta yi aure. Da jirgi ya daina zuwa, sai gaisuwar ma ta yanke. Yau dogon nan ciyawa ta rufe shi, awaki ke kwana a kai.

Bayan tafiyarta abubuwa suka fara sauyawa a hankali, ba wanda ya yi shela. Ƙanwata da ta gama firamare, Baba ya ce ta wuce sakandare. Jikar Malam Ladan tana cikin 'yan matan unguwarmu na farko da suka shiga babbar makarantar, kuma shi da kansa ya raka ta bakin ƙofa. Ni kuwa lokacina ya riga ya wuce. Na auri wanda nake so, direba ne mai jigila tsakanin Kaura da Zurmi, Allah ya jiƙansa, kuma tun kafin a ɗaura na ce masa sharaɗina ɗaya ne: in Allah ya ba mu ɗiya mace, za ta yi karatu har inda ƙwaƙwalwarta ta tsaya. Ya yi dariya ya ce ya yarda, kuma bai saɓa ba. Babbar ɗiyata a nan ta gama, yanzu ita ke riƙe da kanta da 'ya'yanta. Autata tana ciki.

Ba zan ce makarantar ba ta yi wa garin nan rana ba. Da jirgi ya mutu, ita ta riƙe Kaura. Mai kabu-kabu, mai awara, tela, mai wankau, duk ɗalibai suke jira. In an yi hutu kasuwa har hamma take yi. Ɗan manomin da da sai ya je Sakkwato ko Zariya kafin ya ga babban aji, yanzu da ƙafa yake zuwa daga gidan ubansa. Yaran unguwarmu ne ke gyara wutar lantarki, su ke auna filaye, su ke zaune a ofisoshi. Sai dai garin ya yi girman da ya fi ƙarfin idon dattawansa. Gonaki sun zama filoti, filoti sun zama ɗakunan haya. Sannan ga wannan masifa ta 'yan bindiga da ta kwaso mutanen ƙauye ta zuba mana. 'Yan'uwan Inna na Kurya Madaro suna gidana yanzu, da wata bazawara daga Dauran da 'ya'yanta. Mutanen da suka saba cika rumbu su ba wani, yau awo suke yi da kwano. Hanyar Shinkafi da Baba ke bi yana gyangyaɗi a mota, yanzu sai an yi addu'a an yafi juna kafin a hau ta. Ɗaliban nesa sun ragu, iyaye na tsoron hanya. Waɗanda suka zo kuwa ba sa shiga gidan kowa. Kowa da ɗakinsa da kwaɗonsa, a gidajen da babu uwa babu uba, babu zaure balle mai zama a cikinsa.

Makon jiya autata ta shigo da wata ƙawarta, 'yar ajinsu, siririya, idanunta sun faɗa. Ta durƙusa ta gaishe ni da Hausar da ta koya a nan. Daga can Binuwai take. Na ce, "Gidan wa kike zaune?"

Ta ce, "Mama, ban san mai gidan ba. An ce yana Gusau. Wani wakili ne ke zuwa."

"To wa ke duba ku?"

Ta yi murmushi kawai. Autata ce ta ce, "Inna, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana da kwanaki, ƙofa a rufe, ba wanda ya sani. Sai da na ga ba ta zuwa aji na je na yi ta bugu. Ko ruwa ba ta iya ɗebowa."

Na ce a dama mata kunu. Ta sha tana kare baki da hannu, kamar mai jin kunyar yunwarta. Na tambaye ta ko uwarta ta san ta yi ciwo. Ta ce ba ta faɗa ba, don in ta faɗa za a ce ta dawo gida, ita kuwa saura mata kaɗan ta gama.

Da suka fita tsakar gida na kira babban ɗana, wanda shi ne mai gidan yanzu. Na ce masa gobe ya nemi mai kura ya kwaso kayan yarinyar nan. Ya dube ni, ya dubi ɗakunan da suka cika da mutanen ƙauye, yara na ta guje-guje tsakanin igiyoyin shanya. Ya ce, "Inna, ina za mu sa ta? Ko ɗakin girki akwai mai kwana. Kuma ba mu san iyayenta ba, ba wanda ya ba mu ita."

Na ce, "Ba wanda ya ba mu, gaskiya ne. Shi ya sa za ka karɓi lambar uwarta ka kira mini ita, in yi magana da ita da bakina."

Aka kira. Matar ba ta jin Hausa sosai, ni ba na jin Turanci, autata ce ke fassara a tsakani. Na ce a gaya mata ɗiyarta ta yi ciwo ta warke, kuma daga gobe a ɗakina za ta riƙa kwana har ta gama karatu, in ta yarda. Aka faɗa mata. Sai muka ji tana jan hanci, tana maimaita wata magana.

Na ce, "Mi take cewa?"

Autata ta ce, "Tambaya take, wai ke wace ce."

Na ce, "Ki ce mata maƙwabciyar makaranta ce. Kuma ki tambaye ta abin da ɗiyar ba ta ci, kada in dafa."